Doguwar tafiya a mota: tana sabunta soyayya ne, ko tona mata asiri take yi?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in kawo ta gabanku, domin tana cikin maganganun da mutum yake jin nauyin faɗa wa na kusa da shi. Shekararmu goma sha ɗaya da aure, muna da yara biyu, kuma ba ni da wani ƙorafi da zan iya kaiwa gaban manya game da maigidana, tunda ba ya wulaƙanta ni, ba ya tauye mini haƙƙi, ba ma kuma kwana da gaba. Sai dai na wayi gari na lura cewa hirarmu duka ta koma ta yara da makarantarsu da abin da ya lalace a gida, har ina tambayar kaina, idan aka cire waɗannan, me zai rage a bakinmu.

Makon jiya ya zo mini da shawarar mu bar yaran wurin kakarsu, mu ɗauki mota mu yi kwana biyar a hanya mu biyu kaɗai, ba don ziyarar kowa ba, ba don wata hidima ba, sai don ganin ƙasa. Na amsa masa da fara'a, amma tun daga ranar gabana yake faɗuwa. A shekarar farko ta aurenmu mun taɓa yin irin wannan tafiya, kuma har yau ina ganin wata gangara da muka sauko da yamma, rana tana nutsewa bayan duwatsu, ya tsayar da motar a gefen hanya bai ce uffan ba, muka jingina da ita muna kallo har duhu ya rufe mu. Abin da nake tsoro shi ne mu fita neman wannan yammacin mu tarar ba ya nan, mu yi awa shida a cikin mota babu mai abin faɗa, in dawo gida da tabbacin abin da a yanzu zato kawai nake yi.

Waɗanda suka taɓa gwadawa, don Allah ku faɗa mini gaskiya. Tafiya tana dawo da abin da ya yi sanyi tsakanin miji da mata, ko kuwa nuna musu kawai take yi cewa ya yi sanyin?

Dattijon Hanya ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Na girme ki da aure da kusan shekara ashirin, saboda haka ki ba ni dama in fara rage miki tsoro ɗaya, wato tsoron shiru. Shirun cikin mota daban ne da shirun falo. A falo kuna fuskantar juna, idan magana ta yanke sai kowa ya ji kamar ana binsa bashi; a mota kuwa kuna zaune kafaɗa da kafaɗa, idanunku suna kan abu ɗaya, hanya tana ta kawo muku abin kallo, kuma babu wanda yake jiran ɗan'uwansa ya cike gurbi. Maganganun da ni da uwargidana muka kasa yi shekara da shekaru, a mota muka yi su, kuma ina zaton dalilin shi ne ba sai mutum ya kalli idon wanda yake faɗa wa ba.

Tafiyar da ta fi zauna mini a rai ita ce wadda muka yi a Maroko, daga Marakesh zuwa Warzazat. Nisan bai fi kilomita 200 ba, amma hanyar tana haye duwatsun Atlas ta mashigin Tizi n'Tichka, wanda tsayinsa ya kai mita 2,260 daga doron teku, kuma kwana ce a kan kwana, kana fita daga wata kana shiga wata. Lokacin sanyi ne, dusar ƙanƙara ta rufe kawunan duwatsu, ƙauyukan jar ƙasa suna maƙale a jikin tsauni kamar daga nan suka tsiro. Uwargidana mace ce mai tsoron tsayi, ni kuma shekara talatin ina ɗauka na san iyakar tsoronta. Sai ga shi a kwanar da ta fi kowace muni, inda kwazazzabo yake buɗe a gefenta, ni ne hannuna ya jiƙe da gumi a kan sitiyari, ita kuwa cikin natsuwa take ce mini in rage giya, in bar babbar motar da ke bayanmu ta wuce, kada in kalli ƙasa. Da muka sauka ɗaya gefen muka ratse zuwa Ait Ben Haddu, tsohon garin nan na ginin ƙasa da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Garin yana da kyau ƙwarai, amma idan na ce miki shi nake tunawa na yi ƙarya. Muryarta nake tunawa a kan waccan kwana.

Shawarata gare ki ita ce kada ki shiga motar nan a matsayin kaya. Idan kin iya tuƙi ki karɓi sitiyari rabin hanya, idan ba ki iya ba ki riƙe taswira, ki zama ke ce mai cewa a tsaya nan, a ratse can. Af, tunda maganar ta zo, doguwar tafiyar farko da aka yi a mota a duniya ma mace ce ta yi ta. A watan Agusta na 1888 Bertha Benz, matar Karl Benz wanda ya ƙera motar, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu da asuba ba tare da sanin mijinta ba, ta tuƙa daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, kimanin kilomita 106. Da mai ya ƙare ta saya a kantin magani a garin Wiesloch, da bututun mai ya toshe ta zare tsinken hularta ta buɗe shi, da birki ya cinye ta sa mai gyaran takalmi ya liƙa masa fata, a kan tudu kuma yaran suka sauka suka tura. Abin da ta dawo ta gaya wa mijinta ne ya sa ya ƙara wa motar giyar hawa. Ban kawo miki wannan don ki saci mukullin maigidanki ba.

Malamar Aji ta amsa:

'Yar'uwa, Baba ya ba ki ta gogewa, ni kuma bari in ƙara da abin da masu nazarin halayyar ɗan Adam suka gano, domin tambayarki ta daɗe a hannunsu. Wani masani Ba'amurke mai suna Arthur Aron ya shafe shekaru yana bin wannan batu, kuma ra'ayinsa shi ne cewa zafin soyayyar farko yana da nasaba da yadda mutum yake jin duniyarsa tana faɗaɗa ta dalilin wani. Kullum kina koyon sabon abu game da shi, kina shiga wuraren da ba ki sani ba, kina jin labaran da ba ki taɓa ji ba. Idan aka daɗe tare wannan faɗaɗar takan tsaya, ba don ƙauna ta mutu ba, sai don an gama karanta juna, ko kuma ana ganin kamar an gama.

A wani gwaji da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 1993, sun sa wasu ma'aurata su riƙa keɓe awa ɗaya da rabi kowane mako har mako goma. Wasu aka ce su yi abin da yake da daɗi amma sun saba da shi, wasu kuma aka ce su yi abin da yake sabo mai motsa rai. Waɗanda suka yi sabon abu su ne gamsuwarsu da aurensu ta fi ƙaruwa. A wani gwajin na 2000 kuma, an ɗaure hannu da ƙafar miji da na matarsa, aka ce su rarrafa su haye wani shinge suna ɗauke da matashin kai a tsakaninsu ba tare da sa hannu ba. Aikin minti bakwai ne, abin dariya ne ma, amma waɗanda suka yi shi sun fito suna jin kusanci fiye da waɗanda aka ba aiki marar wahala. Abin lura a nan shi ne, zama tare kaɗai bai wadatar ba, kuma kyan wuri ba shi ne sirrin ba. Abin da yake aiki shi ne ku biyun ku zama baƙi a wuri ɗaya, babu wanda ya fi wani sani, kowa yana buƙatar ɗan'uwansa. Saboda haka ni da zan ba ki shawara, kada ku bi hanyar da kuka bi a farkon aurenku, kada kuma ku bi wadda shi ya sani kamar tafin hannunsa, domin a can zai zama mai nunawa, ke kuma mai kallo.

Akwai wani abu game da tunawa da nake ganin zai rage miki nauyin awa shidan da kike tsoro. Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002, ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta auna abin da ya wuce da tsawonsa; abin da take riƙewa shi ne lokacin da abin ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare. Ke kanki shaida ce, domin daga tafiyarku ta farko gangara ɗaya kika ba mu labari, alhali na tabbata akwai awoyi na gajiya da ƙura da ciwon baya waɗanda suka goge tas. Wannan ma haka za ta kasance, don haka ku tanadi wuri mafi kyau zuwa rana ta ƙarshe, kuma kada ku bar komawa gida ta zama gudun dare cikin gajiya da ƙunci.

Sai maganar hoto, wadda ni kaina nake da laifi a cikinta. Wata mai bincike, Linda Henkel, ta zagaya da ɗalibai gidan kayan tarihi, ta tarar cewa abubuwan da suka ɗauka a hoto sun fi saurin ɓace musu a ka fiye da waɗanda suka tsaya suka kalla da ido. Ku ɗauki biyu ko uku don yara su gani, sannan a mayar da waya cikin jaka.

Ƙanwar Kowa ta amsa:

Yaya, ki yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa wa Baba da Malama, ba don abin da suka faɗa ba gaskiya ba ne, sai don rabin gaskiyar ce. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani da ya zo yabon mutum ko ya taɓa yin tafiya da shi, kuma hikimar tambayar ita ce tafiya tana yaye mayafin hali. To abin da za a yaye ba lallai ne ya yi daɗin gani ba.

Mu mun yi tamu ne a Afirka ta Kudu, a hanyar da suke kira Garden Route, wadda ta bi gaɓar teku daga Mossel Bay zuwa kogin Storms, wajen kilomita 200. Ban taɓa ganin ƙasa mai kyau irin wannan ba: teku a hannu ɗaya, daji mai duhu da duwatsu a ɗaya hannun, ga tafkin Knysna kwance kamar madubi, ga gadar Bloukrans mai tsayin mita 216 wadda wasu suke ɗaura igiya a ƙafa su faɗo daga kanta da sunan nishaɗi. A tsakiyar wannan kyau ne muka yi faɗan da ya fi kowane muni a aurenmu. A can ta hannun hagu ake tuƙi, abin da bai saba da shi ba, hankalinsa a tashe yake tun safe, ni kuma na ce ya ratse a wata mararraba ashe ba ita ba ce. Daga maganar mararraba muka gangara zuwa wata magana ta shekara uku da kowannenmu ya haɗiye bai narke ba. A gida idan rai ya ɓaci wani yakan tashi ya shiga ɗaki, wani ya fita ya sha iska, amma a mota babu ƙofar da za a bi. Mun yi awa biyu da rabi ina kallon taga ta hagu yana kallon kwalta, kuma irin wannan shirun, Baba, ya fi na falo nauyi nesa ba kusa ba.

Ba na cewa kada ki je. Daga baya mun zauna mun warware maganar, kuma da ba mu yi tafiyar ba wataƙila har yau tana nan tana ruɓa. Abin da nake cewa shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kin san akwai wani ƙulli a tsakaninku, ku taɓa shi tun a gida, inda kowa yake da wurin ja da baya. Kuma ki sani yawancin faɗan hanya gajiya ce take sanya rigar wata magana. Dokokin hanya na Birtaniya suna ba direba shawarar ya huta aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu, kuma ya guji doguwar tafiya tsakanin sha biyun dare da shida na safe. An rubuta wannan don kare rai ne, amma na shaida yana kare aure ma. Kada ku cika wa rana ɗaya nisan da ya fi ƙarfinta, a duba taya da birki da ruwan lagireto kafin a tashi, kuma ku yi yarjejeniya tun kafin a tayar da mota cewa duk wanda ya ɓatar da hanya ba za a yi masa gori ba.

Baƙon Teku ya amsa:

Ƙanwata Uwar Biyu, ni wani sashe na maganarki ne ya tsaya mini, inda kika ce kina tsoron ku fita neman wancan yammacin ku tarar ba ya nan. Ina mai tabbatar miki ba ya nan, kuma na san haka ne ta hanya mai ciwo.

A lokacin da nake karatu a Ostireliya, ni da matata ta farko, Allah ya jiƙanta, mun bi hanyar Great Ocean Road a 2003. Hanya ce mai kilomita 243 a kudancin jihar Victoria, wadda sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya suka sassaƙa a jikin dutse tsakanin 1919 da 1932 don tunawa da 'yan'uwansu da suka mutu a fagen fama. Kusa da ƙarshenta akwai wasu ginshiƙan dutse da suke tsaye a cikin teku, waɗanda ake kira Manzanni Goma Sha Biyu ko da yake adadinsu bai kai hakan ba. Mun ɗauki hoto a gabansu, iska tana neman ƙwace mata mayafi, tana dariya tana riƙe shi da haƙori. Bayan rasuwarta na yi shekaru ban iya kallon hoton ba, kuma da na sake aure na ɗauki alwashi a zuciyata cewa ba zan taɓa kai amaryata wurin ba, domin ina ganin kamar cin amanar ɗaya ne da kuma zaluntar ɗayar.

Ita ce da kanta ta nemi mu je, lokacin da wani aiki ya sake kai ni ƙasar. Ta ce ba ta son a ce akwai wani ɗaki a cikin zuciyata da aka kulle aka hana ta ko leƙawa. Da muka isa na fito da hoton ina neman daidai inda muka tsaya, sai na ga lissafin bai fita ba: ginshiƙin da yake bayan kafaɗar marigayiya babu shi, sai tarin duwatsu da igiyar ruwa take wankewa. Ashe ya rushe tun watan Yulin 2005, dutse mai tsayin kusan mita 50, cikin 'yan daƙiƙu. Teku yana zaizaye tushen waɗannan duwatsu a hankali, kuma haka yake sassaƙo wasu sababbi daga jikin gaɓa. Na tsaya riƙe da hoton wani wuri da ya daina wanzuwa, kusa da wata mace da ta yi tafiyar awoyi don ta tsaya tare da ni a cikinsa. Ba ta ce komai ba, ta karɓi hoton ta daɗe tana kallon fuskar da ke ciki, sannan ta tambaye ni abin da ya ba ta dariya a ranar. Na fara ba ta labari, kuma ban gama ba sai da muka koma masauki.

Maigidanki na wancan yammacin shi ma an zaizaye shi an sassaƙo wani, haka ke ma. Idan kika shiga mota kina neman saurayin da ya tsayar da ita a kan gangara, za ki wuni kina auna mutumin da ke gefenki da wani wanda ba ya nan. Amma akwai shekara goma sha ɗaya na abubuwan da ya ji tsoro, da waɗanda ya yi buri ya haƙura, da waɗanda ya sauya ra'ayi a kansu, kuma ina kyautata zaton ba ki tambaye shi ko ɗaya ba, kamar yadda shi ma bai tambaye ki ba.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Baba, Malama, ƙanwata da Yaya, Allah ya saka muku da alheri, Allah kuma ya jiƙan marigayiya ya sa ta huta. Daren jiya bayan yara sun yi barci na yi ƙarfin hali na gaya wa maigidana cewa ina tsoron tafiyar, na kuma faɗa masa dalili. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi ma abin da ya sa ya kawo shawarar ke nan, kuma ya yi wata biyu yana neman yadda zai fara maganar. Ƙullin da ƙanwata ta ambata akwai shi, mun taɓa gefensa, ba mu kai ga warware shi ba tukuna.

Mun bar hanyar da muka bi da farko, mun zaɓi wata wadda babu wanda ya taɓa bi a cikinmu, mun kuma rage nisan kowace rana zuwa awa huɗu. Na ce ni zan tuƙa zangon farko, ya amince, da sharaɗin in yi kwana biyu ina gwada tashi a kan tudu, domin rabona da motar da ake sauya wa giya da hannu tun kafin in haifi babban. Baba, idan mota ta tsaya a tsakiyar hawa kuma akwai wata a bayana, birkin hannu zan fara saki ko kulocin zan fara ɗagawa?